Daga Gwammaja Zuwa Kotun Ƙoli: Wa Zai Raba Mana Gardama?

Cikin mako guda a watan Mayun 2024, kotunan da ke zaune a birnin Kano sun fitar da umarni kan sarautar Kano waɗanda ba yadda mutum zai bi ɗaya bai taka ɗaya ba. Ranar Alhamis 23 ga wata Majalisar Dokokin jiha ta soke dokar masarautu ta 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu, aka sanar da mayar da Muhammadu Sanusi II gadon sarauta. A ranar dai Babbar Kotun Tarayya ta ce a dakata, kowa ya tsaya inda yake. Ranar Litinin babbar kotun jiha ta hana Aminu Ado Bayero, wanda aka sauke, kiran kansa sarki, ta ce a fitar da shi daga gidan Nasarawa. Washegari wani alƙalin Kotun Tarayya ya ce Sanusi ne za a fitar daga Gidan Rumfa, kotun jiha kuma ta hana jami'an tsaro taɓa shi. Ranar Laraba Alƙalin Alƙalan Najeriya na lokacin, Olukayode Ariwoola, ya kira shugabannin kotunan biyu su je su yi bayani.

Wanda ya cancanci sarautar ba shi ne zancena a nan ba. Magana ce da ta raba wa da ƙane a gida ɗaya, an kuma kai ta har Kotun Ƙoli. Abin da ya hana ni sukuni shi ne darasin da Bakano ya ɗauka a wancan mako. Ya koyi cewa oda iri-iri ce, akwai ta tarayya akwai ta jiha, kowane ɓangare da kotun da yake zuwa. Ya kuma koyi cewa idan takardu biyu suka ci karo, mai riƙe da bindiga ne ke zaɓar wadda za a bi. Shekara ta zagayo da sarki biyu a gari ɗaya. 'Yan sanda suka hana hawan Sallah a 2024, suka sake hanawa a 2025.

Da ma a ce dokar ce ke da duhu, da an yi uzuri. Tun 1989 Kotun Ƙoli ta warware wannan tambaya a ƙarar Sarkin Muri Umaru Abba Tukur, wanda gwamnan soja Yohanna Madaki ya tuɓe a tsohuwar jihar Gongola a 1986. Ta ce rikicin sarauta ba hurumin Babbar Kotun Tarayya ba ne, ko da an yafa masa rigar haƙƙin ɗan Adam. Ɗaliban lauya na Jami'ar Bayero da na Zariya duk sun karanta wannan hukunci kafin su ci jarrabawa. A watan Janairun 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta maimaita shi a kan rikicin Kano, bayan wata biyu kuma ta ce a jinkirta aiki da hukuncin nata sai Kotun Ƙoli ta yi magana. To, su waye suka ɗauki ƙarar suka kai inda suka san doka ba ta ba da hurumi ba? Alƙali ba ya fita farautar ƙara, lauya ne ke kai masa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Gadon da aka bari a Gwammaja

Mutanen Gwammaja sun fi kowa cancantar yin wannan tambaya, domin a unguwarsu ne Malam Aminu Kano, jigon gwagwarmayar gyaran kotuna a Arewa, ya zauna. Malam Aminu Kano bai karanta aikin lauya ba, amma a gidan shari'a ya tashi. Mahaifinsa, Malam Yusufu na Sudawa, muhuti ne a kotun alƙali, saboda haka tun yana yaro ya san yadda kalmar mai mulki ke tanƙwara hukunci. Da aka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agusta 1950, kotunan En'e na cikin manyan abubuwan da ta sa a gaba. A wancan zamani sarki ke naɗa alƙali, ɗan doka na En'e ne, yari na En'e ne, sarkin da kansa yana da kotunsa, kuma ba a yarda lauya ya tsaya wa kowa a can ba. Wanda kake adawa da shi a siyasa shi ne mai kama ka, mai yi maka shari'a, mai tsare ka. Da yawa daga 'yan NEPU sun sha bulala da ɗauri kan taro ba izini ko zargin zagin sarauta. Hajiya Gambo Sawaba an ɗaure ta a Kano, aka kuma kore ta daga garin.

Ba kukan NEPU kaɗai ya kawo sauyi ba. Tsoron ƙananan ƙabilu, wanda kwamitin Willink ya saurara gab da samun 'yancin kai, ya taka rawa sosai. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, aikinsu ya haifar da kundin hukunta laifuka na Arewa da ya fara aiki a 1960. A 1967 da 1968, bayan sojoji sun karɓi mulki, aka rushe kotunan sarakuna, aka mayar da kotunan alƙalai ƙarƙashin ɓangaren shari'a, aka karɓe 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Malam ya rayu ya ga wannan, ya kuma zauna a kwamitin mutum 49 na Rotimi Williams da ya rubuta daftarin kundin tsarin mulkin 1979. A shekarar ma kotu ce ta share masa hanyar takarar shugaban ƙasa bayan hukumar zaɓe ta nemi tare shi da batun haraji.

Buƙatar wancan ƙarni ba ta da sarƙaƙiya: a raba alƙali da mai mulki. An raba shi da fada. Bayan fiye da shekara hamsin, muna kallon ana ɗaure shi da igiyar ɗan siyasa, wannan karon da hannun masu digiri da baƙar riga. Gidan Mambayya, inda Malam ya zauna kuma aka binne shi a Afrilun 1983, yau cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero. Ana taro a ciki ana jawabai kan bin doka da oda, a waje kuma mai shayi da ɗan adaidaita sun riga sun yanke hukuncinsu: shari'a ta mai kuɗi ce da mai uwa a gindin murhu.

Lauyan da ya kai ƙololuwa

Wanda ke son ya gane dalilin da ya sa gyaran ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya dubi tafiyar ɗaya daga cikin manyan lauyoyin da Kano ta fitar, Abubakar Balarabe Mahmoud, wanda aka fi sani da A.B. Mahmoud. Ya gama digirin lauya a Jami'ar Ahmadu Bello a 1979, ya zama cikakken lauya a 1980. Ya fara daga ƙaramin lauyan gwamnati a Ma'aikatar Shari'a ta Kano, ya hau mataki-mataki har ya zama Antoni Janar kuma kwamishinan shari'a na jiha. Daga nan ya fita ya kafa ofishin lauyoyi na Dikko da Mahmoud a Kano, ya samu lambar babban lauya ta SAN a 2001. A 2016 ya lashe shugabancin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, wato NBA, a zaɓen farko da kowane lauya ya kaɗa ƙuri'arsa ta intanet maimakon a bar wa wakilai. Mutum ne da ya ga harkar ta ciki da waje: ya gurfanar, ya kare, ya ba gwamnati shawara, ya kai gwamnati ƙara.

Bai daɗe da hawa ba ya taɓo inda ke ciwo. A jawabinsa na kama aiki a Fatakwal ya ba da shawarar a bar wa hukumar EFCC bincike, a miƙa gurfanarwa ga wata hukuma mai zaman kanta, don kada mai kama mutum ya zama shi ne mai yanke shawarar kai shi kotu. Tunanin bai yi nisa da abin da 'yan NEPU suka ce game da En'e ba. EFCC ta mayar da martani mai zafi, jama'a da dama suka ɗauka lauyoyi ne ke neman kare ɓarayin da ke biyansu. Shawarar ta mutu a nan, kuma wannan kaɗai ya nuna yadda mutuncin lauyoyi ya zube: ko gaskiya suka faɗa, sai an nemi abin da ke ƙarƙashinta.

Bayan wata biyu babbar jarrabawa ta zo. A daren 7 zuwa 8 ga Oktoba 2016 jami'an DSS suka dira gidajen alƙalai a jihohi da dama, har da biyu na Kotun Ƙoli, suka fasa ƙofofi suka tafi da wasu. Mahmoud ya fito ya yi tir da salon kamen, ya nemi a sake su. Bayan kwanaki kuma ya ce alƙalan da ake zargi su sauka daga kujera har sai an wanke su. Wasu suka ce ya yi amai ya lashe. A ganina matsayin biyu ba su saɓa wa juna ba: gwamnati ba ta da ikon tsorata alƙali da tsakar dare, alƙali kuma ba shi da ikon ci gaba da yanke wa mutane hukunci alhali ana tuhumar sa da cin hanci. Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa, NJC, ta fara ƙin shawarar, daga baya ta karɓa.

Ina aka kwana? Ɗaya daga cikin alƙalan kotu ta wanke shi. Shari'ar wani ta rushe bayan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a Disambar 2017, a ƙarar Mai shari'a Nganjiwa, cewa ba a gurfanar da alƙali mai ci kan laifin da ya shafi aikinsa sai NJC ta fara hukunta shi. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2022. Hikimar hukuncin a fili take, kariya ce daga gwamnatin da ke son ladabtar da alƙalin da ya saɓa mata. Amma ya mayar da NJC ƙofa ɗaya tilo, idan ta rufe babu ta inda za a bi.

A ɓangaren lauyoyi, Mahmoud ya kafa kwamiti ƙarƙashin Anthony Idigbe don sake fasalin yadda ake horar da lauya, ba shi lasisi da ladabtar da shi. Kwamitin ya rubuta daftarin doka. Mahmoud ya sauka a Agustan 2018 daftarin bai zama doka ba, aka shiga 2025 ana aiki da tsohuwar dokar 1975. A taron da ya miƙa mulki ma, Shugaba Muhammadu Buhari ya tsaya gaban dubban lauyoyi a Abuja ya ce tsaron ƙasa na gaba da bin doka, a lokacin da Sambo Dasuki da Sheikh Ibrahim Zakzaky ke tsare duk da umarnin kotu na a sake su. Ƙungiyar ta ƙi amincewa da maganar a sanarwar bayan taro, mutanen kuma suka ci gaba da zama a tsare.

Aikinsa da ya fi burge ni shi ne na Maris 2020. Ranar 9 ga wata gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta tuɓe Sarki Sanusi, aka kai shi Loko, daga nan Awe a jihar Nasarawa, bisa al'adar da Turawan mulkin mallaka suka bari ta korar sarkin da aka sauke. Tawagar lauyoyin da Mahmoud ya yi magana da yawunta ba ta ce wa Kotun Tarayya ta mayar da sarauta ba. Ta ware batun rawani gefe, ta tsaya kan tambaya ɗaya: da wace doka za a tsare ɗan ƙasa a wani ƙauye ba tuhuma ba shari'a, alhali sashe na 35 da na 41 na kundin tsarin mulki sun ba shi 'yancin kansa da na zirga-zirga? Cikin kwana huɗu Mai shari'a Anwuli Chikere ta ba da umarnin a sake shi, a Nuwambar 2021 kuma ta yanke cewa korar ta saɓa wa kundin. Wannan shi ne aikin lauyan tsarin mulki: ya san iyakar kowace kotu, ya tambaye ta abin da take da ikon amsawa. A gwada wannan da abin da aka yi a 2024.

Sai dai akwai ɗaya fuskar. A 2023 Mahmoud ne ya jagoranci lauyoyin hukumar zaɓe ta INEC a shari'ar zaɓen shugaban ƙasa, inda aka yi nasarar kafa hujjar cewa doka ba ta tilasta tura sakamako ta na'ura ba. Ba laifi ya yi ba. Kowane mai ƙara da wanda ake ƙara yana da haƙƙin samun lauya, kotuna biyu kuma sun yarda da hujjar. Amma miliyoyin da suka yi layi bisa alƙawarin da hukumar ta yi musu da bakinta sun ji a ransu cewa an kayar da su da fasahar lafazi. Nan ne matsalar take. Mutanen da suka fi kowa sanin ciwon kotunanmu, waɗanda muke jira su gyara, su ne kuma kasuwarsu ta fi ci a lokacin shari'ar zaɓe. Mutum ɗaya, komai kyawun niyyarsa, wa'adin shekara biyu gare shi a shugabancin ƙungiya, tsarin kuwa yana nan kafin ya zo da bayan ya tafi.

Inda gizo ke saƙa

Kundin 1999 ya ƙirƙiro NJC don ya kare alƙalai daga gwamnoni, ya ba ta ikon ba da shawarar naɗi da na kora. Kujerunta 24 ne. Alƙalin Alƙalai ne shugaba, kuma 19 daga cikin kujerun da sa hannunsa ake hawansu. Wakilan lauyoyi biyar da ke ciki, kundin ya ce su zauna ne kawai idan ana batun naɗi. Shi ne dai shugaban hukumar da ke tace sunayen alƙalan tarayya, shi ne shugaban cibiyar horar da alƙalai, shi ne shugaban kwamitin da ke raba lambar SAN. Wuƙa da nama a hannu ɗaya. Ba 'yan adawa ne suka fara faɗin haka ba. Mai shari'a Musa Dattijo Muhammad, na biyu a girma a Kotun Ƙoli, ya faɗe shi a bainar jama'a ranar da ya yi ritaya a Oktoban 2023. Kafin nan, a Yunin 2022, alƙalai 14 na Kotun Ƙoli sun rubuta takardar koke kan shugabansu Ibrahim Tanko Muhammad, bayan kwanaki ya ajiye aiki bisa dalilin rashin lafiya. Wanda Tanko ya gada, Walter Onnoghen, an dakatar da shi a Janairun 2019, makonni kaɗan kafin zaɓe, da odar da aka samo ba tare da an ji ta bakinsa ba.

Naɗin alƙalai ya zama abin gunaguni, domin sunayen 'ya'ya da surukai da matan manya sun yawaita a jerin. A Yunin 2023 Sanata Adamu Bulkachuwa ya tsaya a zauren Majalisar Dattawa yana alfaharin cewa abokansa sun amfana da matsayin matarsa lokacin tana shugabar Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ita ta musanta. Amma maganar ta riga ta fita, an ji ta a kowace rediyo.

Hukuncin da ake yi wa masu laifin kuma bai kai ya tsorata kowa ba. A 2021, da aka yi irin wannan ruwan odoji kan rikice-rikicen jam'iyyu, ciki har da shugabancin PDP, an kira manyan alƙalan jihohi shida, aka ƙare da hana alƙalai uku ƙarin girma na wasu shekaru. Ba a kori kowa ba. Bayan shekara uku aka maimaita wasan a Kano, aka sake maimaita shi a Oktoban 2024 kan zaɓen ƙananan hukumomi, Kotun Tarayya ta ce kada a yi, kotun jiha ta ce a yi.

Shari'ar zaɓen gwamna ta 2023 ta ƙara fama gyambon. Ranar 20 ga Satumba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke ƙuri'u 165,663 daga na Abba Kabir Yusuf, ta ba Nasiru Yusuf Gawuna nasara, kuma ta na'ura aka karanta hukuncin, alƙalan ba su zauna a zauren Kano ba. Aka sa dokar hana fita. A Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da cire gwamnan da baki, amma da takardar hukuncin ta fito sai aka ga wani sashe nata yana faɗin akasin haka. Magatakardar kotun ya ce kuskuren rubutu ne. Ranar 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta rushe duka, ta bar gwamna a kujerarsa. Ko wane ɓangare kake, ka tambayi kanka: wata huɗu jiha mai mutane miliyoyi tana zaman ɗar-ɗar, kasuwanni na rufewa, ana alƙunutu, a kan abin da tun ranar zaɓe ya kamata a ce an gama.

Kuɗin da talaka ke biya

Duk wannan hayaniya ta manya ce, amma talaka ke biyan kuɗinta. Sashe na 285 ya ba kotun zaɓe kwana 180, ya ba ɗaukaka ƙara kwana 60. Domin a cika wa'adin, ana kwashe ɗaruruwan alƙalai daga kotunansu na watanni, shari'ar fili da ta bashi da ta gado su jira. Matar da ke neman haƙƙin marayunta ba ta da wani sashe da ya ƙayyade mata rana. Ko manya ma idan ba zaɓe ba ne suna ɗanɗanawa: an tuɓe Sarkin Gwandu Mustapha Jokolo a 2005, Kotun Ƙoli ba ta rufe shari'ar ba sai a 2025.

Daga Gwammaja zuwa gidan yarin Goron Dutse ba nisa. A can da Kurmawa, kamar sauran gidajen yarin ƙasar, mafi yawan mazauna jiran shari'a suke, a faɗin Najeriya sun kai kusan biyu bisa uku. Hanyar da aka saba bi sananniya ce. 'Yan sanda su kai mutum gaban majistare da tuhumar fashi ko kisa, alhali majistaren ba shi da hurumin sauraron irin wannan laifi. Sai ya aika shi gidan yari a jira shawarar lauyoyin Ma'aikatar Shari'a. Fayil ya ɓata, ɗan sandan da ya yi bincike a yi masa sauyin wurin aiki, wata ya zama shekara. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda Kano ta yi irinta a 2019, ta ƙayyade kwanakin irin wannan tsarewa, ta kuma ɗora wa majistarori zagaya ofisoshin 'yan sanda duk wata. Dokar na da kyau a takarda. Kuma mun san kotu na iya sauri idan ta so: shari'ar kisan yarinya Hanifa, da idon duniya ke kai, an fara ta an gama cikin 2022.

Mutanenmu na cewa shari'a saɓanin hankali, da can da sigar haƙuri ake faɗa. Yanzu da sigar yanke ƙauna ake faɗa. Wanda aka zalunta ya ce ya bar wa Allah, wannan shi ne mai sauƙin. Mai zafin zuciya ya nemi 'yan daba. Unguwa ta kama mai ƙwacen waya, wani ya ce kada a kai shi ofis don gobe za a gan shi a gari, sai a nemi taya da fetur. Wanda aka kashe ta haka ba a tambayi shaidu ba, kuma ba kullum ne mai laifin ba. Mafarautan Kano 16 da aka ƙona a Uromi ta jihar Edo a Maris 2025 sun isa misalin abin da ke faruwa idan taron jama'a ya zama ɗan sanda, ya zama alƙali, ya zama hauni.

Maƙwabta sun riga mu gani

'Yan uwanmu na Nijar sun san ƙarshen wannan hanya. A 2009 Kotun Tsarin Mulki ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye ta ce wa Shugaba Mamadou Tandja shirinsa na tazarce ya saɓa wa doka. Ya rushe kotun, ya yi ƙuri'ar raba gardamarsa. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji suka ɗauke shi daga fada. Idan aka kashe wurin da ake raba gardama da hujja, ba a daina gardamar ba, wurin raba ta ne ke komawa bariki.

Kenya ta bi wata hanyar. Bayan zaɓen 2007 'yan adawa sun ƙi zuwa kotu don ba su yarda da ita ba, aka kashe fiye da mutum 1,000. Kundin 2010 ya sa aka tace dukkan alƙalan da ke kan aiki, aka sallami waɗanda suka gaza, aka yi wa masu neman kujerar Alƙalin Alƙalai tambayoyi a gaban talabijin. A 2017 Kotun Ƙolinsu ta soke zaɓen shugaban ƙasa mai ci. Sai da jini ya zuba kafin su yi gyaran. Mu muna da damar yi kafin nan.

Abin da ya rage a yi

Magungunan ba sababbi ba ne. Kwamitin Mai shari'a Muhammadu Lawal Uwais, ɗan Zariya, wanda Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa, tun Disambar 2008 ya ce a gama shari'ar zaɓe kafin a rantsar da kowa, kuma hukumar zaɓe ce za ta tabbatar ta yi aikinta daidai, ba mai ƙara ne zai yi ta fafutukar tono abin da ke cikin akwatunanta ba. Da an bi wannan, da babu gwamnan da zai riƙa kare kujerarsa da baitulmalin jiha.

A rage ikon Alƙalin Alƙalai a NJC, a raba masu naɗi da masu ladabtarwa, a sa mutanen da ba alƙalai ba masu yawa a ciki. Matakin da NJC ta ɗauka a 2025 na wallafa sunayen masu neman alƙalanci don jin ra'ayin jama'a abin yabo ne, saura a buɗe tambayoyin da makin kowa. Alƙalin da ya karɓi ƙarar da Kotun Ƙoli ta riga ta ce ba huruminsa ba ce, ya ba da oda ba tare da jin ɗaya ɓangaren ba, a sallame shi. Lauyan da ya kai masa ƙarar a karɓe lambarsa ta SAN, a dakatar da lasisinsa. Ranar da aka yi wa babban lauya ɗaya haka, sauran za su shiga taitayinsu.

A kuma dubi ƙasa. An ninka albashin alƙalan manyan kotuna a 2024, an mayar da shekarun ritayarsu 70 a 2023, amma majistare da alƙalin kotun Musulunci, waɗanda su ne talaka ke gani, suna hannun jiha. Ma'aikatan kotuna sun rufe ƙofofi fiye da wata biyu a 2021 kan a sakar wa ɓangaren shari'a kuɗinsa, an kuma gyara kundin a 2023, sai dai har yanzu babban jojin jiha na kallon hannun gwamna kan mota da gini. Wannan aikin Majalisar Dokokin Kano ne da Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta jiha, ba sai an jira Abuja ba. Reshen NBA na Kano da tsangayar shari'a ta Jami'ar Bayero na iya ɗaukar manyan hukunce-hukuncen da suka shafi jihar su warware su da Hausa a Mambayya da gidajen rediyo, a faɗi inda alƙali ya yi daidai da inda ya kauce, don kada a bar fassarar doka a bakin sojojin baka.

Nauyi mafi girma yana wuyan manyan lauyoyi irin su Mahmoud da tsararrakinsa, waɗanda suka riga suka samu suna da rufin asiri. Jawabi a taro ya isa haka. Abin da ake jira shi ne su ƙi karɓar ƙarar da suka san ta yawon neman oda ce, su kai ƙarar abokin aikinsu da ya karɓa gaban kwamitin ladabtarwa, da sunansu a ƙasan takardar. Zaɓen 2027 na tafe, kuma Kano jiha ce da ƙuri'a ke da zafi. Za a kai ƙara, wani zai faɗi. Idan ranar ta zo alhali rabin gari ya riga ya yi imani cewa hukunci sayen sa ake yi, dokar hana fita ta kwana ɗaya ba za ta wadatar ba.